Yunwar 1983 a Cikin Aji: Me Ya Kamata 'Ya'yan Zangon Kumasi Su Koya?

A mafi yawan shekaru, Juma'ar farko ta watan Disamba makarantun Gana a rufe suke. Ranar Manoma ce, hutun ƙasa baki ɗaya. Yaran Aboabo da Sawaba da Asawase sun san ta sarai, don rana ce ta ƙwallo da yawo, da dare kuma a ga ana miƙa wa gwarzon manomi kyauta a talabijin. Amma kaɗan ne cikinsu za su iya faɗin inda hutun ya samo asali. An fara bikin ne a 1985, a garin Osino, don a gode wa manoman da suka sake cika rumbuna bayan fari da gobarar daji da yunwar 1983, shekarar da tattalin arzikin Gana ya kai ƙasa warwas bayan fiye da shekara goma yana tangal-tangal.

Ba wai makaranta ta yi shiru ne gaba ɗaya a kan wancan zamani ba. Ɗalibin da ya yi karatu da kyau zai jero maka ranaku ba gargada: 13 ga Janairu 1972 Kanar Acheampong ya kifar da Busia, Yulin 1978 Janar Akuffo ya ture Acheampong, 4 ga Yuni 1979 Rawlings ya zo, 31 ga Disamba 1981 ya dawo ya kori Limann. Waɗannan su ne abin da ake haddacewa, su ne kuma ke fitowa a jarrabawa. Amma tambaye shi me aka ci a gidansu a azumin 1983, ko me ya sa kakarsa har yau ba ta yarda da banki ba, sai ya yi zuru. An ba shi sunayen waɗanda suka hau kujera, ba a ba shi labarin waɗanda suka tsaya a layi ba.

Akwai dalili. Gyaran tsarin ilimi na 1987 ya narkar da darasin tarihi cikin darasin zamantakewa a ƙananan makarantu, a sakandare kuma ya zama na zaɓi, sai wanda ya ga dama. Haka aka tafi sama da shekara talatin, sai a Satumbar 2019 sabuwar manhajar da hukumar NaCCA ta tsara ta dawo da tarihin Gana a matsayin darasi mai zaman kansa a firamare, daga aji ɗaya zuwa shida, har ta gangaro zamanin jamhuriyoyi da mulkin soja. Ƙofa ta buɗe ke nan. Abin da ya rage shi ne me malami zai shigo da shi ta cikinta, musamman a ƙaramar hukuma irin Asokore Mampong, wadda aka yanka daga birnin Kumasi a 2012, inda mafi yawan unguwannin Zango suke.

Kafin a je ga yadda za a koyar, sai an san abin da ya faru, domin rushewar nan tana da sababi, kuma yaro ɗan shekara goma sha biyu zai iya gane shi in an yi masa bayani da harshen kasuwa.

Gana ta dogara ne da koko, ɗan itacen nan da ake yin cakulan da shi. A kakar 1964 zuwa 1965 ƙasar ta samar da sama da tan dubu 550, ita ce kan gaba a duniya. A kakar 1983 zuwa 1984 abin bai wuce kusan tan dubu 160 ba. Ba ciyawa ce ta cinye gonakin ba, farashi ne. Gwamnati ita kaɗai ke sayen koko daga hannun manomi, ita ke yanka masa kuɗi, ita kuma ta daskarar da darajar sidi, kuɗin ƙasar, a kan takarda. Daga 1978 har zuwa 1983 dala ɗaya a hukumance sidi 2.75 ce, alhali a kasuwar bayan fage ta ninka haka fiye da sau ashirin. Manomin da aka biya da lissafin hukuma an cuce shi ƙiri-ƙiri, don haka wasu suka bar gonakin suka koma noman abinci, waɗanda ke kusa da iyaka kuma suka riƙa tsallakar da buhunansu Kodebuwa da Togo cikin dare. Koko ya ragu, dala ta ragu, kayan da ake shigowa da su suka ɗauke. Gwamnati ta rufe giɓin da buga kuɗi, farashi ya yi tashin gwauron zabo: hauhawarsa ta haura kashi 100 cikin ɗari a 1977, ta sake haurawa a 1981, a 1983 ta kai kusan kashi 123.

A nan ne kalabule, wato cin ƙazamar riba da kayan farashin gwamnati, ta yi ƙamari. Duk wanda ke da hanya a ofis, ya sami lasisin shigo da kaya ko 'yar takardar izinin ɗaukar sukari, madara, sabulu ko kifin gwangwani a farashin gwamnati, ya gama cin riba tun kafin ya taɓa kayan, don zai sayar wa wani, wani ya sayar wa wani, kafin katan ɗin ya iso teburin mai ƙaramin jari ya ratsa hannu da yawa. Manyan da suka sa hannu a takardun ba a ganinsu. Wadda ake gani ita ce matar da ke zaune a kasuwa da gwangwanin madara uku a gabanta. A kanta fushin jama'a ya sauka. Bayan 4 ga Yuni 1979 sojoji suka bazu kasuwanni suna tilasta sayarwa a farashin kwantirol, aka yi wa mata bulala a bainar jama'a, a watan Agusta kuma aka rusa kasuwar Makola ta Akra. Babbar kasuwar Kumasi ma ba ta tsira ba. Gracia Clark, Ba'amurkiyar da ta fara bincike cikin matan kasuwar tun 1978, ta rubuta yadda aka ƙwace kaya, aka doki 'yan kasuwa, har masu kawo abinci daga ƙauye suka ja da baya, kasuwa ta ƙara bushewa.

Sai ga 1983 ta zo da masifa uku a jere. Ranar 17 ga Janairu gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar Najeriya. Kimanin mutanen Gana miliyan ɗaya suka kwaso kaya, a ƙasar da ƙidayar 1984 ta nuna mutanenta miliyan 12 ne da 'yan kai. Iyakar Gana kuwa a rufe take tun Satumbar 1982, sai da jama'a suka yi kwanaki jibge a Benin da Togo kafin a buɗe musu iyaka a Aflao. Ga fari, damina ta ƙi. Ga wutar daji da ta bi gonakin abinci da na koko ta lashe. Ruwan madatsar Akosombo ya ja baya har aka shiga rabon wutar lantarki, masana'antar alminiyom ta VALCO da ke Tema ta tsaya. Mutane suka rame har ƙasusuwan wuya suka fito fili, aka yi musu laƙabi da sarƙar Rawlings. Masarar agaji rawaya ta shigo ƙasar da ta saba da fara, aka ci ba don ana so ba.

Abin da tsofaffi suka fi maimaitawa shi ne layin dokunu. Dokunu dunƙulen ƙullun masara ne mai tsami, a naɗe shi a ɓawo a dafa na tsawon sa'o'i. A waccan shekara mutane ba sa iya jiran ya nuna, don kafin a sauke tukunya an riga an saye shi. Sai mai saye ya biya, a ba shi ɗanye, ya rungume abinsa ya kai gida ya dafa da kansa, ko a dama shi ya zama kunu don ya ishi yara. Darasi guda a kan wannan layin zai koya wa ɗalibi ma'anar ƙarancin kaya fiye da shafi biyar na bayani.

To ina Zango a cikin wannan labari? A tsakiya take, ko da yake littattafan makaranta ba su cika nuna haka ba. Zangon Kumasi gari ne na fatake tun asali: goro zuwa arewa da Legas, shanu da tumaki daga Mali da ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso, albasa, hatsi, canjin kuɗi, tuƙin manyan motoci. Duk sana'o'i ne masu buƙatar hanya a buɗe da kuɗi a hannu, su ne kuwa abubuwa biyun da gwamnatocin wancan lokaci suka fi taɓawa.

Ɗauki canjin kuɗin watan Maris 1979. Gwamnatin Akuffo ta rufe iyaka ta fito da sababbin takardun sidi. Wanda ya kawo tsofaffi har zuwa sidi 5,000 ana ba shi bakwai a kan kowace goma, abin da ya haura haka kuma rabi. Kuɗin da ke ajiye a banki ba a rage su ba. Wa ke riƙe da tsabar kuɗi a gida? Mai goro, mahauci, dillalin shanu, mai adashi. Shekara uku bayan haka, a farkon 1982, gwamnatin PNDC ta Rawlings ta janye takardar sidi 50, mafi girma a lokacin, aka ce kowa ya kai tasa banki ya karɓi rasit, sannan aka sa ido a kan duk asusun da ya haura sidi 50,000, mai shi ya zo gaban kwamiti ya faɗi inda ya samu. Wanda ya ɓoye a gida an zaftare masa a 1979, wanda ya kai banki an tuhume shi a 1982. Jikan da ya san wannan ba zai ƙara yi wa kakarsa dariya ba in ya ga tana ƙulle kuɗinta a bakin zane.

Akwai kuma wani tabo da ya riga wannan. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta kafa dokar korar baƙi, ita ma da wa'adin mako biyu, kuma unguwannin Zango ne suka fi jin jiki. Mutanen da aka haifa a Kumasi suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance suka nufi ƙasashen da wasunsu ba su taɓa gani ba. Saboda haka a Aboabo ko Akurem ba abin mamaki ba ne a sami gidan da kora biyu ta ratsa: an kori kaka daga Gana a 1969, an koro ɗa daga Najeriya a 1983. Masu karatu a Kano da Zariya da Sakkwato suna da nasu ɓangaren labarin, domin da yawa cikinsu malaman Gana ne suka koya musu Turanci da lissafi a ƙarshen shekarun 1970. Waɗancan malamai gudun albashin da ba ya sayen abincin mako suka yi. Azuzuwan da suka bari a Gana sai waɗanda ba su da horo suka cike, a daidai lokacin da kason ilimi ya faɗo daga sama da kashi 6 cikin ɗari na arzikin ƙasa a 1976 zuwa ƙasa da kashi 2 a 1983.

Duk wannan yana nufin malamin tarihi a Asokore Mampong yana da abin da takwaransa na wasu wurare zai yi sha'awa: shaidun gani da ido suna nan da rai, a gidajen ɗalibansa. Hanya mafi sauƙi, kuma mafi arha, ita ce a tura yara su tambaya.

Amma tambaya ma sai an koya. Yaron da ya je ya ce, "Kaka, yaya 1983 take?" amsa ɗaya zai samu: an sha wahala, Allah kada ya maimaita. Shi ke nan, hira ta mutu. Tambayar da ke buɗe baki ita ce mai kama abu guda. Azumin waccan shekara ya faɗo ne daga tsakiyar Yuni zuwa Yuli, daidai lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabuwar masara ba ta iso ba. To sai a ce, "Kaka, da me kuka riƙa buɗe baki a azumin nan?" Ko kuma, "Baba, da kuka dawo daga Agege, me kuka shigo da shi, me kuka baro?" "Hajiya, da sabulu ya ɓace, da me kuka yi wanki?" Wannan ta ƙarshe takan jawo labarin sabulun gida mai cin hannu da aka yi wa laƙabi da "kar ka taɓa ni". A tambayi mai tuwo ko mai wake da shinkafa ko ta daina sana'a, in ba ta daina ba ina ta samo hatsi. A tambayi malamin makarantar allo yadda ya ciyar da almajirai a shekarar da masu ba da sadaka su ma suke nema. A tambayi tsohon direba yadda ake yi da taya da batir, daga nan hira za ta kai ga maƙeran Suame Magazine, waɗanda suka riƙa ƙera kayan gyara da hannu suka hana motocin ƙasar mutuwa.

Sannan a sa yara su zo da abin da za a iya taɓawa: tsohuwar takardar sidi, rasit, hoto, fasfo mai tambarin iyaka, ko jakar nan mai zane-zane da har yau ake kira Ghana Must Go.

Lissafi ma yana da gurbi, kuma a nan ne malamai da yawa za su yi tuntuɓe. A 2007 Gana ta sauya kuɗinta, tsofaffin sidi 10,000 suka zama sabon sidi ɗaya. Don haka in aka gaya wa yaro cewa gwamnatin Limann ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga sidi 4 zuwa 12 a rana, lambar ba ta ce masa komai ba, don a rubutun yau ko fesuwa ɗaya, mafi ƙanƙantar kuɗin Gana, ba ta kai ba. Gara a auna da kaya: aikin kwana nawa ke sayen kwanon gari, albashin wata nawa ke sayen buhun masara. A ba shi canjin 1979 ya lissafa da kansa abin da mai sidi 1,000 ya koma gida da shi. In ya ga 700 a kan allonsa, ya gane abin da ya faru ba sai an yi masa huɗuba ba.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A Amurka, lokacin karayar arzikin shekarun 1930, gwamnati ta ɗauki marubuta marasa aikin yi ta tura su suna rubuta tarihin rayuwar talakawa, dubban hirarraki, waɗanda yanzu ke ajiye a ɗakin karatu na majalisar dokokin ƙasar, malamai na ɗauko su a intanet suna koyarwa da su. A 1970 ɗan jarida Studs Terkel ya bi waɗanda suka ga wancan zamani ya tattara muryoyinsu a littafi. Yaron Amurka yana sanin waccan karaya ta bakin wanda ya rasa gona ko ya bi layin miya. A ƙasar Hausa ma jama'a ba su bar yunwa ta wuce ba suna ba: Kakalaba ta 1914 har yanzu ana ambatonta, mutanen Najeriya kuma ba su manta da ostariti na zamanin Shagari da layin kayan masarufi na 1984 ba. Tunawa akwai ta. Rubutawa da shigarwa aji ne aka yi sakaci.

Sai dai a Zangon Kumasi aikin yana da ƙaya, kuma wanda ya ce babu bai san wurin ba.

Ta farko siyasa ce. Jam'iyyar NDC Rawlings ne ya kafa ta, NPP kuma daga zuriyar siyasar Busia ta fito. Mazaɓar Asawase ta daɗe tana zaɓen NDC a tsakiyar yankin Asante da NPP ta fi ƙarfi. Saboda haka da ka ambaci 1969 wani zai ce ka zo yi wa wannan kamfe, da ka ambaci bulalar 1979 da yunwar 1983 wani zai ce ka zo ɓata wancan. A aji ɗaya za a sami jikan matar da aka daka a kasuwa, da jikan mutumin da ya yi aiki a kwamitin tsaron jama'a na unguwa, irin waɗanda PNDC ta kafa suna rabon kaya suna farautar masu ɓoyewa. Shi ma yana da hujjarsa: zai ce ba don su ba da talaka bai ga ko gwangwanin madara ba. Malamin da ya zaɓi ɓangare ya rasa rabin ajinsa. Mafita ita ce a faro labarin daga farkonsa, a nuna cewa gangarar ta ratsa gwamnatin soja da ta farar hula, ta Acheampong da ta Akuffo da ta Limann da ta Rawlings, sannan a bar ɗalibai su ji bakin kowa. Sanin cewa mutum biyu masu gaskiya za su iya tuna rana ɗaya daban, shi kansa babban darasi ne na tarihi.

Don haka ne bai kamata a tsaya ga hira kaɗai ba. Tsoho yakan haɗa 1979 da 1982 ya mai da su shekara guda, yakan ƙara gishiri, yakan kuma tsallake inda shi ne ya ci riba. Dole a gwada maganarsa da takarda. Akwai reshen ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kumasi, akwai tsofaffin jaridun Daily Graphic da Ghanaian Times, ko da yake ya kamata ɗalibi ya san na gwamnati ne, ya karanta su da wannan sanin. Mafi amfani duka shi ne rahoton Hukumar Sasanta 'Yan Ƙasa da gwamnatin Kufuor ta kafa a 2002 ƙarƙashin Mai Shari'a Amua-Sekyi. Ta karɓi koke sama da dubu huɗu, ta miƙa rahotonta a 2004, kuma cikin masu ba da shaida akwai 'yan kasuwa da yawa da aka doka ko aka ƙwace wa dukiya. Shaida ce a rubuce, a hukumance, amma ba kasafai take isa hannun ɗan sakandare ba.

Ƙaya ta biyu kunya ce. Zango wuri ne da rufin asiri ke da daraja. Akwai matan da aka tuɓe kafin a yi musu bulala, akwai magidantan da suka kasa ciyar da iyali, akwai waɗanda suka yi fasa-ƙwauri ko canjin bayan fage don su rayu. Ba kowa ne zai so jikansa ya karanta wannan a gaban aji ba. Dole a nemi izini, a sakaya suna in mai labari ya so, kuma a koya wa yaro cewa in tsohuwa ta ce a bar maganar, a bar ta.

Ta uku harshe ne. Hausa ita ce harshen titi da kasuwa da masallaci a Zango, Badagombe da Bamoshe da Bazabarme duk da ita suke ciniki, amma ba ta cikin harsunan Gana da gwamnati ta amince a koyar a makaranta. Ke nan kaka za ta ba da labari da Hausa, yaro ya rubuta da Turanci, rabin daɗin ya zube a hanya. Wayar hannu ta sauƙaƙa wannan. A naɗi muryar yadda take, a ajiye, a fassara abin da jarrabawa ke buƙata. Makarantun da ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci, wanda aka kafa a 1987, su suka fi dacewa su ja gaba, don malamansu 'yan unguwa ne, iyaye sun san su. Manyan makarantu kamar Kumasi Academy da Sakafia kuma suna da ɗaliban da suka isa su shiga ma'ajiyar tarihi su yi bincike.

Malamai za su ce lokaci ba ya isa, jarrabawar BECE da WASSCE na jira, ajin ya cika maƙil. Gaskiya ne. Amma aikin hira a gida ake yin sa, abin da yake ci a aji bai wuce 'yan darussa ba, kuma yana biyan buƙatar tarihi da zamantakewa da lissafi da rubutun insha'i a lokaci guda.

Bai kamata kuma a tsaya a kan yunwar ba, a bar yara da tunanin cewa abin ya wuce ne haka kawai. A watan Afrilu 1983 sakataren kuɗi Kwesi Botchwey ya gabatar da kasafin da ya juya akalar ƙasar, aka ƙulla da Asusun Ba da Lamuni na Duniya da Bankin Duniya, gwamnatin da ta zo da zagin 'yan jari-hujja ta koma bin shawararsu. Zuwa Oktoba dala ta koma sidi 30 a hukumance. Damina ta yi kyau a 1984, hauhawar farashi ta sauko kusan kashi 40, a 1985 ta dawo wajen kashi 10, kaya suka dawo kanti. Amma an sallami dubban ma'aikatan gwamnati, an sa kuɗin asibiti, abin da daga baya ya zama tsarin biya kafin a duba ka. Ko maganin ya yi daidai da cutar, ko ya bar wata cutar, masana tattalin arziki har yau ba su daddale ba. Muhawara ce da ɗaliban sakandare za su iya yi da kansu, da hujja daga gidajensu.

Ba kuma za su ji abin baƙo ba. A Disambar 2022 hauhawar farashi a Gana ta kai kashi 54, gwamnati ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje, ta kuma sauya sharuɗɗan bashin cikin gida. A Fabrairun 2023 'yan fansho suka yi zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi, har da tsohuwar Alƙaliyar Alƙalai Sophia Akuffo, a watan Mayu kuma aka sake komawa ga Asusun Ba da Lamuni don dala biliyan 3. Yaran da ke aji yanzu sun ga kuɗin kashewarsu ya daina sayen abin da yake saye. Malami mai hikima zai sa su jera shekarun biyu su nemo bambanci: a 2022 kaya na nan kuɗi ne babu, a 1983 ko da kuɗinka sai ka nemi kayan ka rasa. Wanda ya gane wannan ba zai ruɗu ba in ɗan siyasa ya ce ba a taɓa shan wahala irin ta yau ba, ko in wani ya ce a ƙayyade farashi da ƙarfin bindiga komai zai daidaita.

Rawlings ya rasu a Nuwambar 2020, Botchwey ya bi shi a 2022. Su an rubuta tarihinsu, za a kuma ci gaba da rubutawa. Matar da ke da shekara 25 tana goye da jariri a layin dokunu a 1983 yanzu ta haura 65, kuma babu wanda ya naɗi muryarta. Ofishin ilimi na Asokore Mampong, da shugabannin makarantu, da fadar Sarkin Zango, da gidajen rediyon Hausa irin su Zuria FM ba sa buƙatar jiran Akra ko kuɗin wata ƙungiyar waje. Makaranta biyu ko uku sun isa a fara da su a zangon karatu mai zuwa: kowane ɗalibi ya kawo hira ɗaya, malami ya tace, a ajiye kwafi a makaranta, masu kyau a saka su a rediyo da izinin masu su.